Jan Zaren Kaset: Salon Betamax da na VHS

Betamax da VHS nau'o'in kaset ɗin bidiyo ne. Betamax na kamfanin Sony ya fito a 1975, VHS na kamfanin JVC ya biyo baya a 1976. Faɗin zarensu ɗaya ne, rabin inci, kuma dole injin kowanne ya zaro zaren daga cikin kaset ya naɗa shi a jikin gangar da ke ɗauke da hed (abin da ke karanta hoto daga zaren), ya zagaye fiye da rabinta kaɗan. A yadda ake jan ne suka raba gari.

Betamax zobe yake amfani da shi. Zoben na juyawa, ya kamo zaren ya zagaya da shi gangar, sai hanyar ta yi kama da harafin U. Da zarar ya hau, nan yake zama ko ana mayar da kaset baya, shi ya sa hoto ke fitowa nan take.

VHS kuwa 'yan sanduna biyu ne ke tsinto zaren, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, su tura shi gaba ya zama kamar M. Hanyar gajeriya ce, amma lanƙwasarta ta fi tsanani. Don haka injinan farko sukan mayar da zaren cikin kaset kafin su juya shi da gudu. Ka danna kunnawa, ka ji ƙarar moto, ka ɗan jira.

A wurina na VHS ya fi daɗin gyara, komai a fili yake. Sai dai sandunan nan ba sa son wasa: ɗaya ta ɗan sauka daga tsayinta, layin dusa-dusa ya bayyana a sama ko ƙasan hoto, wani lokaci har gefen zaren ya yamutse.