Akwatin D&D Starter Set na 2014: abin da ke ciki, da inda tarihin kamfani ke ɗaure wa mai jan wasa hannu

Wannan akwati na kamfanin Wizards of the Coast shi ne ƙofar da mutane da yawa suka bi suka shiga wasan Dungeons & Dragons bugu na biyar. Wasa ne na zaman tabarma ko tebur: mutum ɗaya yana jan labari, huɗu ko biyar kowa ya riƙe jarumi guda, dayis kuma shi ke raba gardama. A ciki akwai littafin dokoki mai shafi 32, littafin labari mai shafi 64 mai suna Lost Mine of Phandelver (labarin wani ɓataccen ramin ma'adinai), takardun jarumai biyar da aka riga aka cike, da dayis shida masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Farashinsa a Amurka da ya fito dala 19.99 ne. Tun 2022 kamfanin ya maye gurbinsa da wani sabon akwati, don haka mai nemansa daga Katsina zai fi samunsa a hannun masu sayar da tsofaffin kaya ta intanet. Kafin ka tura kuɗi, a nuna maka hoton takardun nan biyar da dayis shida, su ne suka fi ɓacewa.

Littattafan biyu masu laushin bango ne, ba sa jure zufar hannu da ƙurar hunturu. A kai su shagon kwafi a buga shafukan dodanni na ƙarshen littafi daban, a sa wa takardun jarumai leda. Babu babbar taswira, babu 'yan gumakan roba, kuma babu dokar ƙirƙirar jarumi daga tushe. Wannan sai a sauko da Basic Rules, taƙaitattun dokokin wasan da kamfanin ya sa a intanet, kyauta ne. Dayis saiti ɗaya ga mutum shida yana jawo jira, a ƙara na biyu. A kuma yi wa mai gida bayani tun farko cewa ba a sa kuɗi, domin a garin nan duk wanda ya ga samari da dayis, caca zai fara zato.

Labarin yana kai jarumi daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma an tsara shi da kyau, sai wurare biyu da ke kashe sababbin 'yan wasa. Na farko kwanton ɓaunar gobilin huɗu, wasu ƙananan dodanni, a kan hanya. Kowanne yana da makin rai 7 kawai, amma yana ƙara 4 a kan abin da dayis ya nuna wajen kai hari, saransa dayis mai fuska 6 da ƙarin 2, alhali mai sihiri a mataki na 1 bai wuce maki 8 ba. Kibiya biyu sun kwantar da shi kafin ya motsa. In 'yan wasa ba su kai biyar ba, a rage gobilin zuwa uku. Na biyu koren dodo Venomfang a kangon Thundertree: numfashinsa na guba dayis 12 ne masu fuska 6, tsaka-tsaki maki 42, ya isa ya share tawagar mataki na 3 a shaƙa ɗaya. A sa shi ya fara da magana da yaudara, kuma a tuna littafin ya ce yana tashi ya gudu in rabin ransa ya tafi.

Inda ake yawan samun saɓani shi ne tarihin duniyar. Garin Phandalin, cibiyar labarin, yana cikin Forgotten Realms, duniyar da Ed Greenwood ya ƙirƙira, kamfanin TSR ya fitar da ita a akwati a 1987. Tun daga nan littattafai da ƙagaggun labarai da wasannin kwamfuta suka yi ta tara mata tarihi. Sai ka ga ɗan wasa ɗaya ya kwana yana karanta shafukan masoya a wayarsa, ya zo yana gyara wa mai jan wasa: ai wane bai mutu ba, ai birnin Neverwinter ba haka yake ba. Wasa ya tsaya, musu ya fara.

Kamfanin da kansa bai ɗaure kowa haka ba. A 2021 Jeremy Crawford da Chris Perkins, manyan masu tsara wasan a lokacin, sun bayyana cewa abin da bugu na biyar ya ɗauka tabbatacce ya fara ne daga littattafansa na 2014, kuma abin da ya faru a teburinka shi ne gaskiyar teburinka. Phandalin ma ta isa shaida. Akwatin Essentials Kit na 2019 ya koma garin da wani labari daban na farin dodo, sannan a 2023 aka sake rubuta labarin ma'adinin nan aka faɗaɗa shi. Kamar tatsuniyar Gizo ce, kowace kaka da yadda take juya ta, amma Gizo bai taɓa zama mai gaskiya ba. Akwai ƙashin bayan da ba a taɓawa, sauran kuwa na mai bayarwa ne.

Ƙashin bayan a nan kaɗan ne: an sace Gundren Rockseeker, wanda ya ɗauki jaruman aiki, da taswirarsa, 'yan daba na Redbrand sun addabi gari, Glasstaff shugabansu shi ne Iarno Albrek da Sildar, mai rakiyar Gundren, ke nema, Black Spider kuma, babban mugun labarin, yana son kogon Wave Echo, inda ma'adinin yake. Ka canza ɗaya daga ciki ba tare da lura ba, wasiƙun da ake tsinta a sashe na biyu sun daina ma'ana. Haka bayan takardun jarumai: ɓarawon cikin jaruman tsohon ɗan Redbrand ne, ɗaya daga mayaƙan kuma asalin danginsa Thundertree. In aka jefar da waɗannan, 'yan wasa ba su da dalilin zuwa wuraren.

Abin da za a iya cirewa ba tare da asara ba shi ne allolin duniyar, wanda shi ne ke sa iyalai da yawa a nan ja da baya. Wurin bautar Tymora, allahiyar sa'a, a tsakiyar gari ya zama ɗakin shan magani, Garaele mai kula da wurin ta zama mai magani da ke leƙen asiri wa ƙungiyarta ta Harpers, jarumin nan mai warkarwa ya zama masanin ganye da ɗauri. Lissafin dokoki bai motsa ko kaɗan ba. A rubuta duk canji a littafin makaranta mai shafi 40 bayan kowane zama, da suna da abin da ya faru, domin mantuwar mai jan wasa ta fi saɓa wa kamfani ɓata wasa.

Masu son ɗauko labarin su dasa shi a Daura, da rijiyar Kusugu da Bayajidda da Daurama, ko a gindin hasumiyar Gobarau, su yi hattara. Wannan tarihi yana da masu shi, suna raye, suna fada. A ari siffar ganuwa da ƙofofi da ayarin fatake, a sa wa garin ƙagaggen suna.

Akwatin ya cancanci kuɗinsa ga tebur mai mutum biyar da mai jan wasa da ke karanta Turanci sosai, tunda shi zai riƙa mayar da komai Hausa nan take. Wanda aka ce ya biya ninki uku na farashin asali saboda an daina bugawa, ya nemi Essentials Kit, yana da dokar ƙirƙirar jarumi da taswira a ciki.