Tsakanin PFAS da Ragowar DDT da PCB: Wanne Za a Ɗauka a Digiri na Biyu?

Ɗan'uwa, tunda malamai biyu sun buɗe maka ƙofa, ɗaya kan sinadaran PFAS (sinadaran masana'antu masu fulorin da ba sa ruɓewa cikin sauƙi) a ruwan sha, ɗayan kuma kan ragowar DDT (maganin ƙwari) da PCB (sinadaran da ake sa wa man taransifoma a da) a laka da kifi, shawarata ita ce ka bi na biyun.

A kansa na yi nawa binciken, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Na shafe watanni ina busar da lakar kogi, ina tankaɗe ta, ina kwana kusa da na'urar Soxhlet tana tatso gubar da hekzen da asiton, kuma ranar da tsinin DDE (abin da DDT ke rikiɗewa ya zama) ya fara miƙewa a allon GC-MS, na'urar tantance sinadarai, daidai inda na zace shi, sai da hannuna ya yi rawa. A nan na koyi karanta tarihin wuri daga ƙasarsa: idan DDE ya rinjayi DDT, feshin tsoho ne da ya daɗe yana rikiɗewa, idan kuwa DDT ne ya fi yawa, to ba a jima da amfani da shi ba. Kada kuma kowa ya ce maka fannin ya tsufa. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan sinadarai masu guba da ke daɗewa a muhalli, wadda ta fara aiki a 2004 da sinadarai 12, ta ba ƙasashe wa'adin 2028 su kammala kawar da sharar PCB ta hanyar da ba ta cutarwa, ga shi kuwa har yanzu akwai tsofaffin taransifomomi ɗauke da irin wannan mai, don haka ana bukatar masu iya awo.

PFAS dai shi ake yayi, ban musa ba, tunda an shigar da nau'o'insa cikin yarjejeniyar, PFOS a 2009, PFOA kuma a 2019. Sai dai da nanogiram a lita ake auna shi, galibi ba ya yiwuwa sai da na'urar LC-MS/MS, kuma ko bututun Teflon na ɗakin gwaji yana iya gurɓata samfurinka. In na'urar ba ta hannun malamin tana aiki lafiya, kada ka soma.

Ka yi hattara kuma da masu karɓar samfur su sayar da sakamako. Na taɓa biyan wani ɗakin gwaji, suka aiko mini da jerin lambobi zalla, babu zanen da na'ura ta fitar, babu sakamakon samfurin fanko (wanda ba shi da gubar, don gano gurɓatar ɗakin gwaji), dole na sake aikin daga farko. Haka ma dillalan sinadaran ma'auni, waɗanda ake saita na'ura da su: kada ka karɓi kwalba sai da takardar shaidar ingancinta da ranar ƙarewar wa'adinta.