Wata huɗu da canza shokazoban bayan babur ɗina: abin da na gani

A unguwar Mabera ta Sakkwato nake zaune, makarantar da nake koyarwa kuma tana wani ƙauye ta hanyar Kware. Kullum sai na ratsa gari, na haye gada, na bi kwalta har inda zan ratse, daga nan kuma sai hanyar ƙasa mai gargada da sawun amalanke. Shekara biyar ke nan ina wannan zirga-zirga a kan babur ɗaya, kuma ban taɓa taɓa shokazobansa na baya ba sai a watan Mayun da ya wuce.

Ciwon ƙugu ne ya fara tayar da ni. Idan na sauka da yamma sai na ɗan dafa bango kafin in miƙe sosai, ruku'u a sallar Magariba ma da dabara nake yin sa. Na ɗauka tsayuwar aji ce. Sai ran da na ɗauko Inna zuwa asibiti, muka faɗa wani rami wanda bai kai ya kawo ba, bayan babur ya buga ƙwal kamar an doka ƙarfe da guduma. Ta riƙe rigata gam, ta yi salati, da muka sauka ta ce, "Ɗan nan, wanga abin hawa naka shina son gyara, ƙashina duk ya motsa." Maganar ta tsaya mini a rai. Washegari na wuce wurin bakanikena.

Bai ko tayar da injin ba. Ya danna kariyar baya da hannu biyu, ya saki. Babur ya yi sama, ya dawo, ya sake yin sama, sai a na uku ya natsu. Ya sa yatsa ya shafo sandar da ke cikin sifirin na hagu, ya nuna mini: baƙin danƙo, mai ne da ƙura suka cakuɗe. Ya ce, "Malam, wanga ya daɗe da mutuwa. Sifirin ɗai ka ɗauke da kai."

A nan na fahimci abin da ban sani ba duk shekarun nan. Shokazoba abu biyu ne a haɗe. Sifirin da muke gani daga waje shi ke ɗaukar nauyi, yana lanƙwashewa idan taya ta faɗa rami. A tsakiyarsa kuma akwai bututu mai ɗauke da mai, da wani fistin mai ƙananan huji. Duk sanda sifirin ya matse ko ya buɗe, dole man nan ya kutsa ta hujin, shi ke rage masa gudu ya hana shi yin tsalle-tsalle. Idan robar da ke toshe bakin bututun ta cinye, mai ya tsiyaye, to sifirin ya zama ba mai tsawata masa. Mu kuma a nan abin da ke cin robar ba ya yankewa: ƙurar hunturu tana manne wa sanda tana gogar ta kamar yashi, sannan zafin bazara, da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana tsinka man ya ƙara masa saurin zuba.

Zaɓi uku bakaniken ya ba ni. Ko a buɗe tsohon a ɗura masa mai a mayar, wanda shi da kansa ya ce ba ya daɗewa tunda robar ta riga ta lalace. Ko in sayi mai araha, irin mai ƙyalli da jan fenti da ke rataye a kowane shagon kayan babur. Ko in ƙara kuɗi in ɗauki mai sifirin biyu, ƙarami a cikin babba, irin wanda ake gani a jikin Boxer. Akwai kuma mai 'yar kwalbar gas a gefe, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina, ban ma tsaya taya shi ba.

Mun je shago tare, kuma ina ba duk mai niyyar saye shawarar ya tafi da bakanikensa da kuma tsohon shokazoban a hannu. Da na ɗaga mai arahar na ɗaga mai sifirin biyun, hannuna ya faɗa mini bambancin tun kafin kowa ya yi magana. Na farkon sakayau yake, waldar kunnensa duk ƙuraje. Na biyun yana da nauyi, waldarsa a shafe. Kuɗinsa ya kusa ninka na mai arahar sau biyu, kuma ga malamin firamare, tun bayan cire tallafin mai a 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na saya duk da haka, guda biyu. Mai shagon ya so ya sayar mini da ɗaya tunda na hagu ne ya fi zubar da mai, bakanikena ya ƙi. Ya ce sabo a gefe ɗaya, gajiyayye a ɗaya gefen, babur zai riƙa karkata. Kafin mu biya sai da ya jera sabon da tsohon a ƙasa ya gwada tsawonsu daga hujin sama zuwa na ƙasa, domin wanda ya fi tsawo yana ɗaga bayan babur ya kuma canza ɗaurin sarƙa.

Aikin ɗaurawa bai kai minti 40 ba. Ɗaya ya fara cirewa ya sa sabo, sannan ya koma ɗayan. Abin da ya burge ni shi ne bai ƙarasa ɗaure notin ba sai da ya sauke babur daga jak ya ce in hau in zauna, sannan ya matse su. Dalilinsa, idan aka matse su taya tana reto, robar bushin da ke cikin kunnen shokazoban takan murɗe da zarar nauyi ya hau, ta yage da wuri.

Sai dai makon farko raina ya ɓaci ƙwarai. Bugun ƙarfen nan ya tafi, tsallen ma ya tafi, amma babur ya zama kamar benci. Kowace tsakuwa sai na ji ta a ƙashin bayana. A hanyar ƙasa taya tana ta dakan ƙasa, hannuna na girgiza. Na fara tunanin na zubar da kuɗina.

Da na koma wurin bakaniken, ya duƙa ya duba, ya ce laifin nasa ne. A gindin sifirin akwai wani zobe mai matakai biyar, kamar 'yar matakala. Idan aka juya shi sama yana ƙara matse sifirin don ɗaukar kaya, idan aka sassauta kuma sai ya dace da mara nauyi. Shi ya saba da 'yan kabu-kabu da masu ɗauko buhunan albasa daga fadama, waɗanda kullum roƙonsu a ƙure musu shi, don haka hannunsa ya kai shi mataki na biyar ba tare da ya tambaye ni ba. Ni kuwa daga ni sai jakar littattafai. Ya mayar da duka biyun mataki na biyu. Ya kuma danna tayar baya da babban yatsa, ya girgiza kai, ya rage mata iska. Masu faci da yawa sukan ɗura iska har sai taya ta zama dutse, alhali ita ma tayar tana cikin abin da ke shanye gargada.

Daga wannan rana ne zan ce na san abin da na saya. Akwai wani wuri daf da ƙauyen inda ruwan bara ya zaizaye hanya ya bar kunya-kunya a jere kamar an yi huɗa. Da can sai na miƙe a kan matakan ƙafa kafin in wuce. Yanzu a zaune nake bi, ina jin bayan babur yana nutsewa yana dawowa sau ɗaya, shi ke nan. Wani amfanin da ban zata ba shi ne birki. Tayar baya ta daina jan ƙasa tana tsalle idan na taka da ƙarfi, kuma a kwana mai yashi na fi jin ta a manne. Da damina ta kankama, hanyar ta koma taɓo da kududdufai, a nan na fi gode wa Allah da na yi gyaran tun kafin ruwa ya sauka. Ciwon ƙugun bai ɓace gaba ɗaya ba, amma ya ragu sosai, ina sauka in shiga harkokina ba tare da na nemi abin dafawa ba.

Ba zan ce sabon shokazoban ba shi da aibi ba. Ba a haɗo shi da sifanar juya zoben ba, kuma wannan ya dame ni, domin abin da ya fi komai amfani a jikinsa ke nan. Sai da aka ƙera mini wata a wurin mai walda. Fentin gindinsa ya fara ɓarewa tun a wata na uku, tsatsa ta ɗan kama inda ruwa ke fantsama. Idan ƙura ta taru tsakanin sifirin biyun yakan yi 'yar ƙara, sai na wanke da ruwa ta daina. Na kuma koyi goge sandar da tsumma duk ranar Asabar. Har yau dai ban ga ɗigon mai ko ɗaya a jikinta ba.

Wanda duk zirga-zirgarsa ba ta wuce kwaltar cikin gari ba, daga Gawon Nama zuwa babbar kasuwa, kuma nasa bai fara zubar da mai ba, ban ga dalilin da zai kashe wannan kuɗi ba. Amma mai bin hanyar ƙauye, ko mai ɗaukar iyali a baya, ina ganin ya cancanta, da sharaɗin ya tsaya a gyara masa zoben daidai nauyinsa, gefe biyun a mataki ɗaya.

Makon jiya na sake ɗaukar Inna zuwa asibiti. Kafin mu fita na ɗauko 'yar sifanata na ƙara mataki ɗaya a kowane gefe saboda mu biyu ne. Mun bi ta kan ramin nan na rannan, tana ba ni labarin bikin jikarta, ba ta ko yanke maganar ba. Yanzu da baya ya yi shiru na fara jin na gaba yana ɗan bugawa, kuma bakanikena ya ce man cikinsa ne ke son canji. Na ce masa sai albashin watan nan ya shigo.