ApHogee Two-Step: yana ceton gashin da defirizan ya cinye?

Gashin da defirizan, wato man miƙar da gashi, ya ci har ya daina komawa idan an ja shi, ba mai yake nema da farko ba. Shi ya sa za ki ga ana ta lafta man kaɗanya da man shanu, amma kullum mataji cike yake da gutsattsarin gashi. Don irin wannan kai aka yi ApHogee Two-Step Protein Treatment, maganin furotin na Amurka da masu kayan gashi kan shigo da shi Yamai. Akwai kwalba mai mililita 118, akwai mai 473, akwai kuma ƴar leda ta shafawa ɗaya. Yana aiki ƙwarai, sai dai ba kowane kai yake karɓa ba.

Kafin ki fitar da kuɗinki, gwada gashin. Ɗauki sili ɗaya da ya zuba, ki jiƙa shi, ki ja a hankali. Lafiyayye yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, ya koma. In ya yi ta miƙewa kamar cingam, bai koma ba har ya tsinke, furotin ya rasa, maganin nan naki ne. In kuwa ya ɓalle nan take ba tare da ya miƙe ba, bushewa ce, ApHogee ƙara masa karyewa zai yi.

Defirizan mai soda yana tsinke mahaɗan sulfur da ke riƙe da keratin, wato furotin ɗin gashi, kuma abin da ya tsinke ba ya sake haɗuwa. Wanda aka rubuta wa "sans soude", wato marar soda, ma bai bar gashi lafiya ba, yana barin kalshiyam a jikin sili ya busar da shi. Babbar ɓarnar ita ce maimaita defirizan a kan gashin da aka riga aka miƙar, maimakon a tsaya a sabon tsiro. Abin da ApHogee ke yi shi ne cike gurbin da furotin da magniziyam, zafi ya ɗaure su a jikin gashin. Faci ne, yakan riƙe sati 4 zuwa 6.

Wajen shafa furotin ɗin, wato mataki na farko, ake yin kuskure. A wanke kai da shamfu, a tsane da tawul. A girgiza kwalbar, a raba gashi gida huɗu, a shafa har ya jiƙe, a taje sau ɗaya da mataji mai faɗin haƙora. Ruwa-ruwa ne, yana gangarowa, yana danƙo, in ya shiga ido yana da zafi, don haka a naɗa tawul a wuya da goshi. Warinsa ba daɗi, wannan sai haƙuri. Daga nan a zauna ƙarƙashin na'urar busar da kai ta salon, zafi matsakaici, ba hular leda, har gashi ya ƙanƙare ya yi tauri. A wannan halin kada hannu ko mataji ya taɓa shi, kada a lanƙwasa shi, karyewa zai yi. A sakar masa ruwa mai ɗumi har ya yi laushi da kansa, sannan a sa hannu. Ki tabbata salon ɗin na da janareta, don in wuta ta ɗauke a tsakiya an yi asarar magani.

Mataki na biyu, Balancing Moisturizer, wato man laushi na kamfanin, nan ne na ga raunin kayan. Minti 2 aka ce, kuma ga gashin da ke shan iskar hunturu ko zafin Afrilu a Yamai bai isa ba. A bi shi da man laushi mai kauri wanda ba furotin a ciki, a rufe da hular leda minti 20 zuwa 30, a ɗauraye. Sai a shafa man da ba a wankewa, a bi da ɗan man kaɗanya kaɗan ya riƙe danshin. Wadda ta tsallake wannan ita ce ke cewa magani ya busar mata da kai.

Kada a maimaita kafin sati 6. Kada a haɗa shi da lalle a lokaci guda, shi ma taurara gashi yake. A bar ƙananan kitso masu ɗaurin tsiya tukuna, a sa ɗankwali mai santsi a ƙarƙashin hijabi da lokacin barci, don auduga na shanye danshi. Idan lalacewar ba ta yi nisa ba, Keratin 2 Minute Reconstructor, maganin furotin mai sauƙi na kamfanin, ya wadatar, kuma ana yin sa a gida.

Bakin gashin da ya tsage kuwa sai almakashi. Gashi na tsiro kusan santimita 1 a wata, saboda haka a bar sati 10 zuwa 12 tsakanin defirizan biyu, a shafe tsohon gashi da basilin kafin a taɓa sabon tsiron.