Hanyoyi biyu na hasashen tsufan batirin lithiyam

Ɗan uwa, ka tambaya wace hanya ta fi dacewa wajen hasashen yadda ƙunshin batirin lithiyam, wato ƙananan batura (ƙwayoyi) da yawa da aka haɗa wuri ɗaya, zai riƙa rage riƙe caji: lissafin da aka gina a kan sakamakon gwaji, ko wanda aka gina a kan abin da ke gudana a cikin ƙwayar batir.

A hanya ta farko ana cajin ƙwayoyi ana sauke su sau ɗaruruwa a zafi daban-daban, sannan a nemo lissafin da ya bi sawun abin da aka auna. Babban abin da ke cin ƙarfin batir, ko da yana ajiye, shi ne wani siririn ɓawo da ke kauri a jikin girafayit, wato nau'in kabon da ke ajiye lithiyam idan an yi caji, yana kama lithiyam, kuma kaurinsa na tafiya ne ta yadda idan lokaci ya ninka sau huɗu, asarar takan ninka kusan sau biyu kawai. Tasirin zafi kuwa ana shigar da shi ta ƙa'idar Arrhenius, wadda ke nuna yadda ƙaruwar zafi ke hanzarta sauye-sauyen sinadarai. Lissafin ba shi da wuyar yi, amma bai san komai ba sai abin da aka gwada. Idan an yi gwajin tsakanin digiri 25 da 45 a ma'aunin Celsius, sannan aka yi cajin gaggawa cikin tsananin sanyi, lithiyam zai taru a matsayin ƙarfe a kan girafayit, ƙarfin ya faɗi bagatatan, lissafin kuwa yana nuna lafiya lau.

Hanya ta biyu, wadda ta samo tushe daga aikin masu bincike Doyle, Fuller da Newman na 1993, tana bin motsin lithiyam a cikin ƙwayar, don haka tana iya hango irin wannan matsala. Sai dai tana buƙatar ma'aunai da yawa, wasu ba a samunsu sai an farke ƙwayar, kuma kamfanoni ba kasafai suke bayyana su ba.

A ganina, in yanayin aikinka bai fita daga abin da aka gwada ba, ta farko ta wadatar. Amma kowace ka ɗauka, kada ka lissafa ƙwaya ɗaya ka ninka. A jerin ƙwayoyi 96 da aka haɗa kai da wutsiya, wadda take tsakiya ta fi shan zafi, ta fi saurin tsufa, kuma da zarar ta ƙare dole a tsayar da jerin duka, don haka ita ce za ta kai ƙunshin ga kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa na asali, matakin da aka saba ɗauka a matsayin ƙarshen aikinsa a mota.