Sharhi kan gida mai buɗaɗɗen falo a Abuja

A sababbin rukunin gidajen da ake ginawa a Abuja, daga Lokogoma zuwa Jahi da Life Camp, akwai salon gini da ya zama ruwan dare, wato a haɗe falo da wurin cin abinci da kicin a fili ɗaya ba tare da bangon da zai raba su ba. Dillalai suna tallata shi a matsayin gidan zamani, hotunansa kuma suna ɗaukar ido ƙwarai a Instagram. Gidan da nake sharhi a kansa irin wannan ne. Bene ne mai ɗakunan kwana uku a sama, yana jere da 'yan uwansa bango ɗaya, ƙasansa kuwa, in ban da banɗakin baƙi da ɗan ƙaramin sito, duk fili guda ne mai tsawon kimanin mita 11 da faɗin mita 5. Haya muke yi a cikinsa, ni da maigidana da yaranmu ƙanana, mun kuma ga bazara da damina da hunturu a ciki. Abin da na fahimta shi ne, salon yana da alfanu na gaske, amma yadda kamfanin ya gina shi, ba tare da falon baƙi ba kuma ba tare da kicin na baya ba, bai yi la'akari da yadda iyalin Bahaushe yake girki da karɓar baƙi ba.

Sanin inda salon ya fito yana bayyana dalilin da ya sa yake yi mana cikas. Mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Frank Lloyd Wright, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa shi a farkon ƙarni na 20. A gidan Robie da ya zana a Shikago, wanda aka kammala a 1910, falo da wurin cin abinci a haɗe suke, murhun ɗumama ɗaki da matakala ne kawai a tsakaninsu, amma ko a can kicin yana ɓangaren ma'aikatan gida, a keɓe. A shekarun 1920 Le Corbusier, ɗan asalin Suwizalan da ya yi aiki a Faransa, ya nuna cewa idan ginshiƙan kankare da rodi suka ɗauki nauyin gini, bangon ciki ya zama zaɓi, a sa shi ko a bar shi. Kicin bai shigo falo sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da yawancin gidajen masu matsakaicin hali a Amurka ba su da masu aiki, matar gida ce take girki da kanta tana kuma son idonta ya kasance kan yara. Daga baya shirye-shiryen gyaran gidaje na talabijin, irin na tashar HGTV, suka mayar da fasa bango abin sha'awa. Ke nan salon ya girma ne a ƙasashen sanyi, inda wuta ba ta ɗaukewa, inda kuma baƙo namiji zai tsaya kusa da matar gida tana yanka albasa ba tare da kowa ya ji wani abu ba.

Zan fara da abin da gidan ya yi daidai, domin ba kaɗan ba ne. Gidan da yake jere da wasu ba shi da tagogi a gefe, gaba da baya kawai haske yake shigowa, saboda haka da an raba ƙasan nan gida uku, ɗakin tsakiya zai zauna cikin duhu da rana tsaka. Yadda yake a buɗe, hasken safe yana shigowa ta tagar kicin ya kai har ƙofar shiga, ba ma kunna fitila sai bayan la'asar sakaliya. Haka ma iska: da damina, idan aka buɗe tagogin gaba da na baya, iska tana ratsa gidan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har fanka ma ba a buƙata. Ga uwa mai ƙananan yara kuwa, babu abin da ya kai ta ga ɗanta yana rarrafe a kan darduma alhali hannunta yana cikin tukunya. Da azumi ne na fi jin daɗinsa, domin mai soya ƙosai ba ta zama saniyar ware a bayan gida ba, ana hira da ita, ana miƙa kunu daga kantar kicin zuwa tebur cikin taku uku, kiran salla kuma yana iske kowa a wuri ɗaya. Ranar suna ko walima, matsar da kujeru kawai ake yi a shimfiɗa tabarmi, mata da yawa su zauna ba tare da cunkoso ba.

Matsala ta farko da mai shiga irin wannan gida zai ci karo da ita ita ce sanyaya shi. Kamfanin ya sa na'urorin sanyaya ɗaki biyu masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, waɗanda kowace za ta wadaci ɗakin kwana ko matsakaicin falo mai ƙofa. Amma a nan ana neman su sanyaya fili mai faɗin murabba'in mita 55, wanda murhun gas yake ci a ƙarshensa, matakala kuma tana buɗe zuwa sama. A watan Maris, lokacin da zafin Abuja yake haura digiri 35, na'urorin ba sa hutawa, duk da haka wanda yake zaune a teburin cin abinci gumi yake yi. Ba za ka iya rufe ƙofa ka sanyaya inda kake zaune kaɗai ba, ko dai ka sanyaya ƙasan gidan gaba ɗaya ko ka haƙura. Tun da aka ɗaga kuɗin wuta na masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, zuwa Naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya, ga kuma tsadar fetur tun cire tallafi a watan Mayun 2023, wannan faɗi da ake yabo ya zama abin da ake biya duk wata. Ƙaramin janareto ko matsakaiciyar inbata ba za su ja na'urorin biyu tare ba, don haka idan aka ɗauke wuta da rana, kowa bene yake hawa ya shige ɗakin kwana, babban falon ya zauna babu kowa.

Sai batun girki. Abincinmu abinci ne mai ƙamshi da hayaƙi: ana soya manja har ya yi hayaƙi, ana soya tattasai da attaruhu, ana sa daddawa a miyar kuka, ana soya kifi. Na'urar zuƙar hayaƙin da aka ɗora a kan murhu irin wadda ba ta da bututu zuwa waje ce, tana jan iska ta ratsa matatar gawayi ta sake maido da ita cikin ɗaki. Irin wannan tana rage maiƙo da ɗan wari, amma ba ta fitar da zafi ko tururi, matatar kuma sai an riƙa sauya ta. Sakamakon haka, ranar da aka soya attaruhu duk wanda yake falo sai ya yi tari, warin kifi kuma yana kwana a labule da kushin, turaren wuta ma sai dai ya gauraya da shi. Da hunturu abin ya fi muni, domin maiƙon da yake yawo a iska yana haɗuwa da ƙura ya manne a saman talabijin da fuka-fukan fanka, ya zama datti mai danƙo wanda tsumma busasshe ba ya ɗauke shi. Ƙari a kan haka, tukunyar da ba a wanke ba da kwanukan da aka ci abinci a ciki suna fuskantar duk wanda ya yi sallama, saboda haka matar gida ba ta da damar cewa bari in huta tukuna.

Amma abin da ya fi damuna, wanda kuma nake ganin masu gina waɗannan gidaje ba su tsaya sun yi tunani a kansa ba, shi ne sutura. Ginin Hausa na gargajiya an tsara shi ne mataki-mataki: baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa ya wuce zuwa shigifa, tsakar gida da madafi kuwa na mata ne da muharramansu, ƙofofin ma ba a jera su saiti ɗaya ba don kada idon mai wucewa ya kai ciki. Ko da aka koma ginin bulo da siminti, an riƙe wannan hikima ta hanyar falon maigida mai ƙofarsa daban. A wannan gida kuwa, mai kawo ruwa, mai gyaran famfo da abokin maigida duk ƙofa ɗaya suke shigowa, da zarar an buɗe ta kuma idonsu yana kan murhu. Dole na ajiye hijabi a rataye kusa da firji, ana ƙwanƙwasa ƙofa in saka, in ci gaba da tuƙa tuwo a cikinsa cikin zafi.

Lokacin da mahaifin maigidana ya zo daga Katsina ganin likita ya sauka wurinmu, abin ya fito fili. Dattijo ne mai kunya, ni kuma ban taɓa cin abinci ko ɗaga murya a gabansa ba. Yana zaune a kan kujera da carbinsa, ni ina bayan kantar kicin, babu abin da ya raba mu sai tebur. Na kasa ɗanɗana miya, na kasa kunna injin markaɗe don kada ya katse masa lazimi, yara suna ɓarna na kasa tsawata musu. Shi ma ya takura, sai ya juya kujerarsa ta fuskanci taga. Da na durƙusa na ce, "Baba, a kawo abincin nan ne ko a kai sama?" sai ya ce, "'Yata, kai mini ɗaki, ki samu ki sake a gidanki." Daga ranar a ɗakin kwana ya riƙa cin abinci shi kaɗai, da yamma kuma ya sa a fitar masa da tabarma inda ake ajiye mota, a can masu zuwa duba shi suke samunsa. Gidan da ba shi da wurin da suruki zai zauna cikin mutunci yana da naƙasu babba a wurina, komai kyan tayil ɗinsa.

Ƙara ma tana da nata. Tayil a ƙasa, silin na POP a sama, gilashi gaba da baya, babu abin da yake shanye sauti, don haka injin markaɗe da talabijin da kukan yaro duk a kunne ɗaya suke sauka, su kuma bi matakala su hau sama. Mai salla a falo yana jin komai, malamin da yake zuwa koya wa yara karatun Alƙur'ani sai an dakatar da girki kafin a ji shi. Tun lokacin kullen korona a 2020 mutane da yawa suke yin wani ɓangare na aikinsu daga gida, maigidana yana cikinsu, kuma duk taron da zai yi ta intanet a ɗakin kwana yake yin sa. Kafet mai kauri da labule masu nauyi sun rage amsa-kuwwa, sai dai su ne kuma suke riƙe warin girki.

Ta fuskar ingancin aiki, ginin bai yi laifi ba. Rufin kankaren da yake ɗauke da benen yana zaune a kan bim mai kauri da ginshiƙai a cikin bangon gefe, ban ga tsagewa ko lanƙwasa ba, kantar kicin ta dutse ce mai sauƙin gogewa, an kuma sa soket isassu. Inda aka yi sakaci shi ne tukunyar gas, wadda aka yi wa gurbi a cikin kabad ƙarƙashin murhu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, a fili irin wannan kuma babu ƙofar da za ta tsare shi ko ta tsare hayaƙin gobara daga bin matakala zuwa ɗakunan kwana. Mun sa an fitar da tukunyar waje an jawo bututu, aikin da ya kamata a ce kamfanin ya yi tun farko. Ina kuma jan hankalin masu tsofaffin gidaje da suke sha'awar fasa bango don su kwaikwayi wannan salo: bangon bulo mai inci tara sau da yawa yana ɗauke da nauyin abin da yake samansa, ba aikin da za a bar wa birkila da guduma ba ne, sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da take kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba ya faɗi irin bim ɗin da zai maye gurbinsa.

Ga ma'aurata sababbi, ko ƙaramin iyali da ba sa yawan baƙi kuma ba sa girki mai nauyi kullum, gidan zai yi daɗin zama, ba zan hana su ba. Ga mai iyali babba, ko wanda gidansa masaukin dangi ne daga gida, ina ba da shawarar kada ya biya kuɗi sai ya ga ɗan falon baƙi kusa da ƙofar shiga, da ƙaramin kicin na baya mai ƙofa inda za a yi suya da daka, da bututun hayaƙi da ya fita waje da gaske, ya sa hannu ya ji iska tana fita. Wasu masu ginin sun fara yin haka, suna barin kicin na gaba don shayi da abinci mara nauyi. A namu gidan, mai gidan ya amince mu sa ƙofar gilashi mai zamewa, mai duhun da ba a ganin ciki, tsakanin kicin da teburin cin abinci, bisa sharaɗin mu biya daga aljihunmu kuma mu bar ta idan za mu tashi. Ta rage wari da ƙara, ta bar haske yana wucewa, na'urorin sanyi ma sun fara isar falon. Fasa bango don fitar da bututun hayaƙi kuwa ya ce sai masu kula da rukunin gidajen sun yarda, har yanzu takardarmu tana wurinsu.