Hattara da masu tallan "randar Ladi Kwali" a Facebook da WhatsApp

Jama'a, musamman masu sha'awar tara kayan da, akwai wata damfara da ke yawo da sunan Ladi Kwali, marigayiyar nan shahararriyar mai ginin tukwane, kuma ta riga ta ci kuɗin mutane. Shafi ake buɗewa a Facebook ko Instagram, a cika shi da hotunan tsofaffin tasoshi da tangaran da kofunan gilashi irin na jeren ɗakin iyayenmu. Can a tsakiya sai a sako hoton wata randa mai sheƙi da zanen ƙadangare, a rubuta cewa ginin hannun Ladi Kwali ce, ta gado, magada ne suka matsu za su sayar. Kama sunan shafin ba shi da amfani, don sunan da yake ɗauke da shi yau ba shi ne na watan jiya ba. Salon aikin ne ba ya canzawa, shi ya kamata a riƙe.

Abin da ya sa tarkon yake kamu shi ne kowa ya san matar. Hotonta na bayan naira 20, tana zaune tana gini, mun ɗauke ta a aljihu shekara da shekaru. An ji cewa tukwanenta suna gidajen tarihi a Ingila da Amurka, an ji cewa a gwanjon Landan ana sayensu da dubban fam, kuma duk gaskiya ne. Amma cikin masu wannan sanin, mutum nawa ne suka taɓa ɗaga tukunyarta da hannunsu suka ji nauyinta? A wannan giɓin 'yan damfarar suke cin abinci.

Ba mutum ɗaya ba ne, aƙalla su biyu ne. Wata 'yar kasuwa da na sani, mai sayar da kayan kicin, ta yi tambaya kawai a ƙarƙashin hoton, ta ce nawa. Aka ba ta farashi, ta ce ya yi mata yawa, ta manta da zancen. Bayan 'yan kwanaki sai ga kiran wani daban, mai ladabi, yana cusa Turanci cikin Hausarsa. Wai shi wakilin wani Bature ne mai tara kayan Afirka, ya ga ta yi magana a shafin. "Hajiya, ranki ya daɗe, ko kin riga kin saye ta ne? In tana hannunki mu za mu ninka miki sau biyar. Mai kayan ya ƙi sayar mana, ya ce shi ba ya ciniki da 'yan Legas." Ita kuma da ta koma wajen mai randar, sai ya ce ai wani Alhaji ya riga ya taya, amma in za ta ba da kafin alƙalami kafin magariba zai ajiye mata don mutunci. Ta tura. Ta cika sauran. Randa ta iso a motar haya, an naɗe ta da tsumma cikin kwali. Daga ranar lambar wakilin Bature ta daina shiga.

Na ga randar da idona. Ba mummuna ba ce, ginin hannu ne mai kyau, irin wanda matan Gbagyi ke yi har gobe. Amma sheƙin jikinta banish ne irin na kafinta, in ka kai hanci kana jin warinsa, in ka sa farce yana kankaruwa. A gindinta an rubuta LK, wato haruffan farko na sunan Ladi Kwali, sai dai da ƙusa aka ƙarce shi bayan an gasa tukunyar: bakin haruffan a tsattsage yake, cikinsu kuma jan yumɓu ne sabo fil, alhali sauran gindin an shafe shi da toka da baƙin mai don ya yi kama da tsoho. Da na ƙwanƙwasa ta da yatsa, sautin a dushe ya fito. Na ɗiga ruwa a inda banish bai kai ba, nan take ta shanye.

Wannan ɗigon ruwan kaɗai ya isa ya kashe maganar, ga dalili. Randunan Ladi Kwali masu sheƙi, waɗanda ake rububinsu, a cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja aka yi su, wadda Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950. Ita ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Da hannu take gina randar yadda ta koya a gida, ta zana kunama da kada da hawainiya da kifi da maciji da tsuntsu, sannan a cike zanen da farar ƙasa, a zuba ruwan gilashi a kai, a gasa a tanderun itace mai zafin da ya haura digiri 1,200. Yumɓun da ya sha irin wannan wuta ya zama dutse. Ba ya shan ruwa, yana da nauyi sosai, in ka buga shi yana amsawa da ƙara mai tsawo, kuma sheƙinsa ba abin da farce ko wuƙa za su iya yi masa. Tukunyar da aka gasa a fili da ciyawa da itace ba ta kai wannan zafin ko kusa. Shi ya sa in mai talla ya ce maka randa mai sheƙi ce kuma "tana sanyaya ruwa kamar firji", ya tona asirin kansa: randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsafo, wadda aka rufe da gilashi kuwa ba ta yi.

Labarin da suke haɗawa ma in ka ɗan ja shi sai ya tsinke. Wani zai ce kakansa ya saya a 1945 da sheƙinta, shekara tara kafin ta taka ƙafa a cibiyar. Wani zai ce a hannunta aka karɓa a 1990, alhali ta rasu a Minna tun watan Agustan 1984. Na ga wanda ya rubuta cewa a shagonta na Garki, cikin Abujar yanzu, aka saya. Abujar da ake nufi a tarihin nan ita ce Suleja ta yau, garin Sarki Sulaimanu Barau, wanda a fadarsa ne Cardew ya fara ganin tukwanenta. Sai bayan da aka tsayar da sabon babban birni a 1976 ne sunan ya tashi daga can ya koma kansa.

Sai maganar hatimi, inda mutane suka fi faɗawa. Kayan cibiyar na ɗauke da hatimin wurin, kalmar Abuja da rubutun ajami, tare da na wanda ya gina, nata kuwa LK. Ana danna su ne tun yumɓu na ɗanye, don haka gefen haruffan yakan ɗan taso sumul, ba a tsage ba. To amma kada wani ya ɗauka ganin hatimi mai kyau ya gama magana. Sassaƙa haruffa biyu a guntun katako aikin rabin sa'a ne. Ban da haka, ba ita kaɗai ta yi gini a cibiyar ba. Akwai Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da sauransu, mata da maza, kowa da hatiminsa, wasunsu kuma irin wannan randa mai zane suke yi. Daga baya an sa wa cibiyar kanta sunan Ladi Kwali, aka ci gaba da aiki bayan rasuwarta. Saboda haka "daga wurin Ladi Kwali" daban, "ginin hannun Ladi Kwali" daban, kuma dillali mai wayo zai faɗi na farko ya bar ka ka ji na biyu. Masu sayen gaske asali suke bi: wa ya fara saye, a wace shekara, ina rasit ko tsohon hoto ko wasiƙa, hannun wa da wa ta bi. Mai randar gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce "Yallaɓai, ba ka yarda da ni ba ke nan?" ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma waɗanda ko randar bogin ba su da ita. Hoto suke kwafowa daga shafukan kamfanonin gwanjo na Turai, mai farin bango tas da haske irin na situdiyo, wai a ɗakin tsohuwa aka ɗauka a ƙauye. Sa hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa zai nuna maka inda aka sato shi. Ko ka ce a kira ka ta bidiyo, a juya randar, a kifa ta, a ajiye takarda mai sunanka a gefenta. Nan za ka ji cewa sabis ba kyau, ko makullin ɗakin na hannun yayansu.

Wani reshen damfarar kuma masu kaya a gida yake nema. Za a ce tsohon tangaran ko tasar kakarki Bature zai saya da miliyoyi, sai dai a fara biyan kuɗin takardar izinin fitarwa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa gaskiya ce, kuma ita ke da hurumin ba da izinin fitar da kayan tarihi, amma a ofishinta ake nema, ba ta asusun wani mutum da ya turo lamba a WhatsApp ba. Tsohon zance ne a sabuwar riga, ɗan'uwan na jan sinadarin da aka ce yana cikin keken ɗinki na Singer.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne matan da suka gina randar nan ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Ushafa da Tatiko da Kwali ana gina tukwane masu kyau, ana sayar da su a farashinsu na halal. Mai son ado a falo ya je ya saya da sunan wadda ta gina, ba sai an shafa mata banish an liƙa mata sunan marigayiya ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya ɗauki hoton duk hirar da lambobin waya da lambar asusun kafin su goge, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya kai wa EFCC ko 'yan sanda. In an dawo an ce a ƙaro wani abu don a "saki" kuɗin farko, ko wani ya kira yana cewa shi jami'i ne zai ƙwato maka su in ka ba shi na mai, su ne dai suka sake layi.